Ranar Da Aka Juya Sunan Sarki

Shekara ashirin da biyu Dardiri Abdul-Maujud ya yi yana rayis, wato shugaban masu tono, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ma'aikaci ya ɗaga masa murya ba. Duk sanyi yakan kwaso mutum sittin daga garinsu Guft, ya zuba su a mota, ya kai su inda Dakta Safwat, masanin kayan tarihi, ya kafa tanti. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, da farin rawani da gora a hannu. In ya saki murya daga bakin rami, wanda ke can ƙarshen juji ma sai ya gyara tafiya. Tsoronsa ake ji. Amma in aka taɓo wani abu mai rauni a cikin ƙasa, duwatsun wuya da zarensu ya ruɓe, ko guntuwar takarda da ta shekara dubu uku a kwance, ba shi ake nema ba. Ƙaninsa ake nema.

Mitwalli, wanda ake kira Ammu, wato baffa, ɗan ƙaramin mutum ne mai sanyin magana, shekara huɗu tsakaninsa da yayansa. Da buroshi da ɗan tsinke yake aiki, yana durƙushe, yana ɗan wani gurnani a maƙogwaro wanda shi yake ɗauka waƙa ce. Dakta yakan ce wa baƙi, yana dariya, "Wancan mai gorar bakina ne, wannan kuwa hannuna." Kowa ya yi dariya, Dardiri ma ya yi. Da aka buga babban littafin aikin da suka yi a baya, hoton hannuwan Mitwalli ya cinye shafi guda. Dardiri ya sa aka duba masa nasa sunan, aka same shi a can ƙarshe cikin jerin godiya, tsakanin direba da mai dafa abinci, an ma rubuta shi ba daidai ba. Ya dai sa aka sake karanta masa layin.

A wannan shekarar suna aiki ne a wani kwari bayan duwatsun da ke yamma da Luksor. Mako na shida suka taɓo matakala. Goma sha tara suka ƙirga kafin ƙofa, bayan ƙofar kuma dogon lungu da ambaliyar zamanin da ta cika da laka har ƙirji, lakar ta daskare kamar siminti. Wata guda suna sassaƙarta kafin su isa ɗakin gawa. Da aka ɗaga fitila aka ga rufin shuɗi ne da taurari rawaya, Dakta ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu. Sarki kaɗai ake yi wa irin wannan rufin.

Sai dai ɓarayi sun riga su da shekaru dubbai, abin da ɓarayi suka bari kuma ruwa da gara sun gama da shi. Ƙasusuwan sarkin a warwatse suke, ƙoƙon kansa a kusurwa. Zinare ya rage, amma ɓarɓashi ne kamar ɓawon albasa, manne da laka. Bango ya zube. Duk inda ya kamata a ga suna, babu. Dakta ya rame a tsaye. Shekararsa sittin da uku, wannan ne kabarin sarki na farko da ya taɓa samu, ya kuma san sarkin da ba shi da suna layi uku jaridu suke ba shi.

Ranar Lahadi da hantsi Mitwalli ya kira daga gefen ramin da akwatin gawa ya taɓa zama. Katakon akwatin ya ruɓe sarai, amma wani yanki na farin yaɓen da aka yi masa zane a kai ya tsira. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, kaurinsa kaɗan ya fi ɓawon ƙwai. Ya faɗi ne a kife, zanen yana kallon ƙasa. Mitwalli ya zura ɗan madubi ta wani gefe da ya ɗan ɗaga, ya ce Dakta ya duba. A cikin madubin ga lanƙwasar zoben nan da ake zana sunan sarki a cikinsa.

Dakta ya sumbaci Mitwalli a ka, a gaban kowa.

Aka kira Ustaza Nargis, wadda aikinta shi ne ceto irin waɗannan abubuwa da gyara su. 'Yar Asyut ce, mai ƙarancin dariya, tabarau kullum a rataye a wuya da baƙin zare. Ta kwanta rub da ciki ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Kwana goma sha biyu," in ji ta. "In shayar da shi gam kaɗan-kaɗan, in manna masa takarda a baya, ya bushe. Sannan mu yanko shi har da lakar da ke ƙarƙashinsa, mu juya shi a kan tebur."

"Alhamis baƙi za su zo daga Alƙahira da kyamarori," in ji Dakta.

"To su kalli rufi, ya Dakta. Rufin ma abin kallo ne."

"Rufi! Mutum ya baro ofis ya hau jirgi don ya kalli rufi? Ki yi abin da za ki iya a kwana uku. Sauran Mitwalli ya iya. Abin da ya fi wannan laushi ya ɗaga mini, lokacin ke kina makaranta."

Dardiri yana bakin ƙofa riƙe da fitila, yana ji.

Washegari lokacin hutun hantsi, mutane sun zazzauna a inuwar tanti, Mitwalli ya matso kusa da shi. "Yaya, zo ka ga wani abu."

Suka zaga bayan jujin ƙasa inda ba mai ganinsu. Mitwalli ya waiga hagu da dama, ya zaro hannunsa na dama daga cikin jallabiya, ya miƙa. Da farko hannun ya tsaya cik. Can sai babban yatsa ya soma murzawa a kan ɗan'uwansa, kamar mai jan carbi ba carbi. Sai duk hannun ya ɗauka. Sannan ya fizga sau ɗaya, da ƙarfi.

"Tun azumin bara," in ji Mitwalli. "Na je wurin likita a Kena, ya ce gaba zai yi, ba baya ba. Matata Sabiha kaɗai ta sani, sai kai yanzu. Buroshi ina lallaɓawa da hagu. Amma wancan abin, Yaya, hannu biyu yake so. Ba zan iya ba."

"Me ya hana ka gaya wa Dakta?"

"In ce masa me? Shekara arba'in ba abin da na sani sai wannan." Ya matso kusa. "Ka aike ni Luksor ranar Alhamis, ka ce wani abu ya ƙare. Ko ka ce zazzaɓi ya kayar da ni. In daga bakinka ta fito zai yarda. In ba na nan dole ya jira Ustaza. Bayan an gama sai in gaya masa da kaina, a hankali, in roƙe shi ya bar ni a kan rariyar tankaɗe ƙasa."

Dardiri ya kama hannun, ya ji shi yana motsi a tafinsa kamar tsuntsun da aka damƙe. Ya jira tausayi ya zo masa. Abin da ya zo wani sanyi ne mai daɗi, ya sauka tun daga ƙirji har ciki, irin wanda mutum ke ji in ya sha ruwan randa bayan doguwar tafiya. Shi kansa ya yi mamaki.

"Kwantar da hankalinka," ya ce. "Ni ne fa yayanka. Bar mini."

Mitwalli ya sunkuya ya sumbaci kafaɗarsa.

Da la'asar Dakta ya kira rayis tantinsa. Nargis tana ciki, da alama sun daɗe suna ja-in-ja.

"Ya Rayis, raba mu," in ji Dakta. "Ustaza ta ce wai ta ga Mitwalli ya koma aiki da hagu. Akwai abin da ke damunsa?"

Dardiri ya ƙyalƙyale da dariya har rawaninsa ya motsa. "Allah ya bar mana Ustaza! Ai tun yana yaye da hannu biyu yake cin abinci, shi ya sa ni na tashi da yunwa. In dama ta gaji ya ba hagu, haka yake tun fil azal."

"Na ga cokalin gini ya faɗi daga hannunsa jiya," in ji Nargis. "Shekara tara ina aiki da shi, ban taɓa ganin haka ba."

"Sanyin safe ne, ya Ustaza. Mu mutanen ƙauye ba mu da safar hannu irin taku." Ya juya ga Dakta, ya dafa ƙirji. "Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Daga Aswan har bakin teku babu irinsa. In ya fasa, ka cire mini rawani."

Dakta ya tafa hannu. Nargis ta dubi Dardiri, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana biyun da suka biyo baya, duk sanda Mitwalli ya ɗago ido da tambaya, Dardiri sai ya gyaɗa masa kai. Ranar Alhamis da sassafe ya ce, "Yaya, in tafi?" Dardiri ya ce, "Tsaya tukuna, kada a ga kamar gudu ka yi. Zan ba ka alama."

Motoci biyar suka iso da hantsi. Babban baƙon mutum ne mai ƙiba da baƙin tabarau, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa bakin matakala. Ma'aikata suka yi layi cikin wankakkun jallabiyoyi. Dakta ya yi jawabi. Da ya gama ya ce, "Ya Rayis, ina mutuminmu?"

Dardiri ya shiga layi da kansa, ya kamo ƙaninsa ta kafaɗa, ya fito da shi gaban kyamarori. "Ga shi, ranka ya daɗe. Mitwalli Abdul-Maujud. Hannun da Allah ya yi wa baiwa."

Aka yi tafi. Mitwalli ya ɗaga kai ya dubi yayansa. Leɓensa ya motsa. Dardiri ya yi masa murmushi, ya ɗan tura shi wajen matakala.

Ɗakin gawa ya cika: Dakta, baƙo, masu kyamara biyu, Nargis a tsugune da katako mai shimfiɗar auduga, Dardiri a tsaye da fitila. Nargis ta yi iyakar abin da kwana uku suka ba ta, takarda ta kama gefe-gefe, amma tsakiyar ba ta bushe ba. Mitwalli ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗauki siririn fallen ƙarfe ya soma zura shi ƙarƙashin yaɓen. Kaurin gashin kai guda yake matsawa, ya tsaya, ya hura ƙura, ya sake. Ya danne gwiwar hannunsa ta dama da cinya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, Nargis tana tarewa da tsumma kada ya sauka a kan abin.

Minti arba'in aka yi ba wanda ya yi tari. Fallen ƙarfen ya ɓulla ta ɗaya gefen. Nargis ta ɗora katakonta a sama, Mitwalli ya haɗa su biyun tsakanin tafukansa, ya ja numfashi, ya juya. Lafiya lau. Ya aza a kan cinyarsa, Nargis ta zare fallen ƙarfen daga sama. Kansa na sunkuye, inuwarsa ta rufe zanen, shi kaɗai yake gani.

Dardiri ya ƙura masa ido. Ashe zai yi. Da wannan hannun ma zai yi, gobe kuma hotonsa ne a jarida.

"Ba ma gani," in ji baƙon.

"Ajiye a ƙasa, Ammu Mitwalli," in ji Nargis da sauri. "A hankali. Ajiye kawai."

"Ɗaga sama, ya Mitwalli!" Muryar Dardiri ta cika ɗakin, muryar nan da ba a taɓa yi wa gardama ba. "Ɗaga manya su gani!"

Shekara ashirin da biyu jikin Mitwalli yana bin wannan murya kafin kansa ya yi tunani. Ya ɗaga. Katakon ya kai daidai ƙirjinsa, hannun dama ya fizga. Yaɓen ya sulale, ya bugi bakin dutsen rami. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye.

"Kada wanda ya motsa!" Nargis ta yi ihu. "Don Allah kada wanda ya motsa!"

Amma mai kyamara ɗaya ya riga ya matso don ya ɗauki abin da kyau, takalminsa ya sauka a tsakiyar ɓarɓashin. Ya ɗaga ƙafa, ya ce a yi haƙuri.

Dakta ya raka baƙi har mota, yana murmushi da fuska kamar toka. Sai da ƙurar motocin ta lafa ya juyo. Ya sa aka fito da Mitwalli gaban ma'aikata sittin.

"Miƙo hannunka."

Mitwalli ya miƙa. Hannun ya yi ta rawa a rana, kowa yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, ya Dakta."

"Tun bara! Shekara dubu uku da ɗari biyar abin nan yana kwance. Ɓarayi ba su fasa shi ba, ruwa bai fasa shi ba, gara ta bar shi. Sai kai. Na ɗauke ka kamar ɗan'uwa, ashe kai tsohon maƙaryaci ne mai tsoron a ce ya tsufa." Ya juya. "Kai kuma, ya Rayis, ka san da wannan?"

Dardiri ya dafa ƙirji. "Wallahi, ya Dakta, yadda ya ɓoye maka haka ya ɓoye mini. Da na sani ai da gawata zai taka kafin ya sauka ramin nan. Ya kunyata ni, ya kunyata gidan ubanmu."

Ya faɗa yana kallon ƙaninsa ido cikin ido, yana jiran ya musa. Ya ma shirya amsa. Mitwalli ya mai da hannunsa cikin jallabiya, ya sunkuyar da kai.

Dakta ya ce a sallame shi a ranar. Dardiri ne ya roƙa. Ya ce mutum ne mai iyali, a dubi zumunci, a bar shi ko a kan kwando ne. Dakta ya ce ya yi yadda ya ga dama, shi dai kada ya sake ganinsa a cikin kabari.

Ɗaukar kwando shi ne aikin da ake ba wanda ya zo jiya. Washegari Mitwalli, da furfurarsa, ya shiga layin masu kwasar ƙasa daga bakin matakala zuwa juji. Waɗanda ke cika masa kwandon shi ya koya musu riƙon buroshi. Sukan zuba masa rabi, su kau da kai. Dardiri ya lura. Ya zo ya tsaya a kansu, ya zunguri kwandon da gora.

"Wannan na wa? Na amarya? Cika shi! A wurina babu ɗan'uwa, babu bare."

Aka cika. Mitwalli ya ɗora a kafaɗa, ƙasa tana zubo masa a wuya saboda rawar hannun. Wani mai baƙin baki daga baya ya ce, "Ammu ya haɗa aiki biyu, yana ɗauka yana tankaɗe." Mutum biyu uku suka yi dariya, suka dubi rayis su ga ko zai tsawata. Bai tsawata ba. Daga ranar sunan ya bi shi, Mai Tankaɗe.

Nargis kuwa kwana huɗu ta yi a durƙushe da hantsaki. Gutsure ɗari shida da wani abu ta tsince, ta jera a tire-tire bisa yadda suka faɗi. Mako biyar tana haɗawa a tantinta, ba ta cin abinci tare da kowa. Zoben ya dawo. Jar da'irar rana da ke farkon sunan ta dawo, da wata alama a ƙarshe. Amma sarakuna da yawa sunansu da haka yake farawa, da haka yake ƙarewa. Abin da zai bambance shi yana tsakiya, tsakiyar kuwa ta zama gari a ƙarƙashin takalmi.

Wata rana da azahar Dardiri ya hango ta ta tare Mitwalli a hanyar juji, ta sa ya sauke kwando, ta ja shi inuwa. Ya matsa kusa kamar mai duba igiyar tanti.

"Ammu Mitwalli, kai kaɗai ka gan shi a buɗe. Me ka gani?"

"Ni ban iya karatunsu ba, ya Ustaza."

"Ban ce ka karanta ba. Idonka nake tambaya."

Ta ba shi fensir. Ya gwada, layin ya yi ta tsalle har takardar ta yage. Ya ajiye. Ya rufe ido. "Bayan ranar akwai abu kamar hannuwa biyu a ɗage. Sai wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, kansa a ƙasa kamar yana kiwo, an yi masa shuɗi a fiffike. A ƙarƙashinsa layin ruwa, guda biyu, ba ɗaya ba."

Nargis ta zana yana gyara mata, har ya ce haka ne. Ta dubi takardar, ta sa tabarau, ta sake dubawa. Ta miƙe ta nufi tantin Dakta da sauri, Dardiri ya bi bayanta.

"Ya dace da faɗin gurbin," take cewa lokacin da ya shiga. "Ya kuma dace da gefen alamomin da suka rage. Mutumin da bai iya karatu ba ba zai ƙirƙiro wannan ba. In haka ne, sarki ne da ba a taɓa samun komai nasa ba. A rubuta cewa shaidar wanda ya gani ce, a sa sunansa, masana su auna."

Dakta ya daɗe yana kallon takardar. Dardiri ya ga kwaɗayi ya soma dawowa idonsa, ya kuma ga abin da zai biyo baya: sunan sarki a littafi, a ƙarƙashinsa sunan Mitwalli.

"Ya Rayis, me ka ce?"

Dardiri ya yi ajiyar zuciya, ya sunkuyar da kai kamar wanda maganar ke yi wa nauyi. "Ban so in faɗa ba, ya Dakta, sirrin gida ne. Ciwon nan ba a hannu kaɗai ya tsaya ba. Shekaranjiya ya ce mini ya ga mahaifiyarmu a bakin juji, ita da ta rasu shekara goma sha ɗaya. Shekara arba'in yana ganin tsuntsayen nan a bangaye, in Ustaza ta matsa masa ai zai ba ta tsuntsu. Gobe in wani ya tambaye shi, ya ba shi kada. Ni tsorona kada a yi maka dariya a Alƙahira karo na biyu."

Karo na biyun nan shi ya gama aikin. Dakta ya tura takardar gefe. "Ba zan sa sunana a kan mafarkin ɗan kwando ba."

"Ƙarya yake yi," in ji Nargis, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ƙarya kake yi, ya Rayis. Ranar nan ma ƙarya ka yi."

"Allah ya yafe miki, ya Ustaza. Kin gaji ne."

Dakta ya ce tunda abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, haɗari ne a bar shi kusa da rami. A yammacin nan Dardiri ya sa ƙaninsa a motar da ke kawo ruwa, ya ce wa direba ya sauke shi a tashar jirgin ƙasa.

Aka rufe aikin shekarar. Ƙasusuwan sarkin suka tafi ɗakin ajiya a akwatin katako mai lamba a jiki. Nargis ta gama gyaran zoben, ta cike gurbin tsakiya da farar ƙasa ba zane, ta miƙa, ta nemi a mai da ita wani wurin aiki. Takardar da ta zana tana jakarta, ba wanda ya sake tambayarta. Hoton da jaridu suka buga na rufin ne, Dakta a tsaye, rayis a gefensa da gora. A wannan karon an rubuta sunan Dardiri daidai.

A Guft katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Duk bazarar nan Dardiri yakan ji muryar Sabiha tana cewa, "Bari in riƙe maka." In ta gamu da shi a lungu sai ta ja mayafi ta juya fuska ga bango har ya wuce. Mitwalli kuwa yana gaishe shi kullum bayan sallar Juma'a, yadda ƙani ke gaida wa.

Sanyi ya sake zagayowa. Ranar ɗaukar ma'aikata mota ta tsaya a filin bakin masallaci, maza suka yi cincirindo, kowa da ƙunshinsa. Dardiri yana kiran suna, ana hawa. Can ƙarshen layi ya hango Mitwalli. Ya rame, ya yi aski, ya sa jallabiyar aikinsa, ga bargo a naɗe a kafaɗa da wani babban ƙunshi a rungume.

Dardiri ya kira mutum sittin. Ya naɗe takardarsa.

Mitwalli ya matso. "Yaya."

"Na'am."

"Ko rariya ce. Rariya ai girgizawa take so." Ya yi ɗan murmushi don a san wasa yake yi. "Ba zan je kusa da kabari ba. In Dakta ya fito sai in juya baya. Zaman gidan nan ne, Yaya, ba na iyawa."

Waɗanda ke cikin mota kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa.

"Mota ta cika," in ji Dardiri.

"A tsaye ma zan iya."

"Na ce ta cika. Je ka huta, ka yi aikinka ka gama."

Mitwalli ya dubi ƙunshin da ke hannunsa. Gurasa ce, wadda ake shanyawa a rana ta kumbura kafin a gasa, Sabiha ta yi masa ta mako biyu. Ya miƙa wa na bakin mota. "Ku karɓa, ta yi mana yawa mu biyu, bushewa za ta yi." Ƙunshin yana rawa, mutum biyu suka tare shi da sauri.

Dardiri ya shiga gaba kusa da direba, ya buga ƙofa, aka tashi. Bai karya ba da safe saboda hidima. Sun wuce gonakin rake ke nan wani daga baya ya miƙo gurasa ɗaya ta taga, ya ce ko rayis zai taɓa. Da ɗuminta. Ya gutsura, ya ba direba rabi, ya cinye sauran, ya kakkaɓe ɓarɓashin daga cinyarsa. Sannan ya leƙa ta taga ya ce a miƙo masa wata.